Baturen Babban Giji, mai biyan fam a hau jaki

Gaisuwa mai yawa zuwa ga taubashina, Baturen Babban Giji, Sarkin Yawon Manchester da kewaye, mai goyo a ƙirji, angon lema. Ina ruwa? Ba sai ka amsa ba, mun san can ruwa ya daɗe da wuce gyara. Ka gaida Maman Ummi, ka ce mata muna jinjina mata, don zama da irinka a ƙasar da babu maƙwabciyar da za a kai wa ƙara ba ƙaramin haƙuri ba ne.

Hotunanka suna isowa, kada ka damu. Kowace Asabar da yamma wayar Hajiya sai ta cika ta batse, sai an nemo yaro ya goge mata wasu kafin ta iya karɓar kira. Ga ku nan a bakin ruwa, ga ku a kan tudu, ga ku a gaban wani tsohon gini, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, hanci kaɗai ake gani. Yara na murmushi, uwarsu na murmushi, kai kuwa fuskarka irin ta wanda ke lissafin abin da ya kashe tun safe.

Amma hoton da ya tsayar da unguwa cak shi ne na Blackpool. Kai ɗan gidan Kawu, haifaffen Kano, ka tuƙa mota awa guda cur, ka biya kuɗin ajiye ta, ka bi layi cikin iska, ka zaro fam daga aljihunka, don a ɗora ɗanka Abba a kan jaki. Jaki fa! Na nuna wa Hajiya, ta kai wayar kusa da ido, ta mayar da ita nesa, ta ce ko dai ɗan doki ne. Na ce a'a Hajiya, jaki ne, da kunnuwansa da komai, har da sunansa a rubuce jikin ragama. Ta yi shiru, can ta ce Allah Ya kyauta. Ka san in Hajiya ta faɗi haka an gama shari'a.

Sai da na bi diddigin jakunan nan, na tarar ashe sun fi ni da kai gata. Hukumar garin ta yi musu doka ta musamman. Ba sa fara aiki sai ƙarfe 10 na safe, suna da hutun awa guda na cin abincin rana, likitan dabbobi na duba su kowace shekara, kuma ba a ɗora musu wanda nauyinsa ya wuce kilo 50 da 'yan kai. Wato kai da tumbin nan da ka ajiye, ko kusa. Sannan ranar Juma'a ba sa aiki. Jakin Blackpool na hutun Juma'a, kai kuwa sai ka lallaɓa shugabar wurin aikinku kafin ta ba ka minti talatin ka je masallaci a guje ka dawo a guje. Ka tuna jakunan da ke kawo ƙasar gini unguwa muna yara? In mai su ya shiga gida karɓar kuɗi, wa ke ɗanewa? Kyauta ka hau, kyauta ka faɗo, kyauta ka sha tsumagiya. Yanzu ɗanka na hawa da rasit.

Mako na gaba kuma sai ga ku a wata gona da ake biya a shiga. A sayar maka da abincin akuya a 'yar takarda, ka ba akuyarsu, su ci riba sau biyu a kanka, ka yi godiya ka fito. Akuyar Hajiya na nan ɗaure a bayan ɗaki tana neman mai ba ta dusa, ba ta taɓa karɓar sisin kowa ba. Daga nan kuka je tsinkar sitiroberi, ka sunkuya ka yi wa mai gona girbi da hannunka, ya auna ya sayar maka. Kai da in aka ce gobe za a je gonar Kawu roron wake, zazzaɓi ke kama ka tun dare, ya sake ka da la'asar.

To bari in sassauta, kada ka ce ban tausaya maka ba. Maman Ummi ta ba ni labarin yadda ake fita daga gidanku, kuma wallahi sai da na gaji ina zaune. Famfas, fida, kayan canji biyu-biyu, rigar ruwa, takalmin taɓo, keken tura jariri wanda sai an yi kokawa da shi kafin ya naɗe, lema, fulas, da wani ɗan beyar roba wanda in aka manta shi sai an juyo daga babban titi. A gama ɗaure kowa a kujerarsa, a tayar da mota, sai Abba ya ce fitsari. Shiri awa biyu, yawo awa ɗaya. Sannan ga ka da Auta rataye a ƙirji cikin abin goyon nan mai igiyoyi da maɓallai, wanda sai ka kalli bidiyo kafin ka iya ɗaurawa. Zani ɗaya da majanyi suka raini duk gidanmu, har da kai mai ƙaton kai, ba a taɓa jin wani ya suɓuce ba.

Maganar kujerar yara a mota kuwa, a nan ba zan yi dariya da yawa ba. Dokarsu ta ce yaro ya zauna a kujerarsa ta musamman har sai ya kai shekara 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin sashen gaggawa na Asibitin Malam da yammacin ranar Sallah, ya ga yaran da ake shigowa da su daga kan titi, ya san wannan doka ba ta banza ba ce, kuma da za mu ɗauki ko rabinta da mun huta da kuka mai yawa. Abin da ke ba ni dariya shi ne wai kai ne mai wa'azinta. Kai da ka taɓa loda mu huɗu a kan babur ɗin Kawu daga Court Road har Unguwa Uku, babu birkin kirki, kana cewa kowa ya riƙe na gabansa. Yanzu in na turo maka hoton yarana a A Daidaita Sahu sai ka kira ni kana salati.

Ku isa inda za ku, yara su ce yunwa. Nan kuma wani sabon karatu. Ka ɗauki kwalin alawa kana juyawa, ka cire tabarau ka mayar, kana bin ƙananan rubutu ko an sa wani abu na alade. Ummi na jan rigarka, layi na jiranka, kai kana ijtihadi. Shi ya sa Maman Ummi ba ta yarda da kowa ba, kularta take cikawa da shinkafa da wake, mai da yaji a gefe, ku shimfiɗa darduma a Heaton Park ku buɗe, Turawa na wucewa suna waige. Wannan matar ita ce ta riƙe mana mutuncin Tarauni a can, ba kai ba. An ce ranar da ka yi ƙarfin hali ka sayi kifi da soyayyen dankali a bakin teku, wani farin tsuntsu ya sauko kamar shirwa a mahauta ya fauce na hannun Ummi. Ka bi shi da gudu a kan yashi kana zagi. Da wane harshe? Da Hausar Gyaɗi-Gyaɗi tsantsa, wadda ko a tasha sai an kawar da kai. Ashe Turancin na ranar daɗi ne.

Ga kuma salla. Lokacin sanyi rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk su taru cikin awa huɗu, kana riƙe da waya kana juyawa a filin ajiye motoci kana neman alƙibla. Lokacin zafi kuma magariba ta wuce ƙarfe 9 na dare, yara su ƙi barci, su ce ai rana ba ta faɗi ba, kuma da gaskiyarsu.

Sai batun da ka fi so, wato kyauta. Tun 2001 manyan gidajen tarihi na gwamnatin Birtaniya suka daina karɓar kuɗin shiga. Ranar da ka gano haka, ranar ka zama masoyin tarihi. Kai da malamin tarihi ya haƙura da kai tun aji biyu, yanzu ka tsaya a gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830 da ke gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester, kana yi wa yaro ɗan shekara huɗu lacca, shi kuwa hankalinsa na kan tattabara. Tunda ka zama malami, ga ƙari ka ba su kyauta. Injinan saƙar nan da kuke ɗaukar hoto da su, masu irinsu ne suka kafa ƙungiyar neman auduga a nan Manchester a 1902, suna sa ran ƙasar Hausa za ta ciyar da masaƙunsu. Aka ja layin dogo har ya iso Kano a 1911. Manoman Kano da fatakenta suka zauna suka yi lissafi, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma in kasuwa ta ƙi a ci abin a gida, suka shuka gyaɗa. Daga nan aka samu dalar gyaɗar da ake ta ba mu labari. Ka gani? Kakanninka sun yi wa Manchester wayo, kai kuma ka je tana sayar maka da hawan jaki.

Su ma masu gidan tarihin ba wawaye ba ne. Shiga kyauta, amma ƙofar fita ta cikin kantin kayan wasa ta bi. Nan Abba zai rungumi jirgin roba ya zauna a ƙasa, nan ɗan canjin Wapa da ke cikin kanka zai farka ya fara mayar da fam naira, gumi ya keto maka cikin sanyi. Na ji ka sayi katin rangwamen iyali na jirgin ƙasa, mai rage sulusi ga manya da kashi 60 cikin 100 ga yara, kana nuna shi ga duk wanda ya kawo maka ziyara. Na kuma ji tunda yaran da ba su kai biyar ba ba sa biyan kuɗin jirgi, kai kaɗai ne uban da ke baƙin cikin zagayowar ranar haihuwar ɗansa. Rowar nan dai ba Ingila ta koya maka ba. Kuɗin sharata na watan Cika-ciki tun kafin ka tafi nake bin ka, yanzu kuma da fam za ka biya, don ni ma na iya lissafi.

Ka tuna namu yawon? Washegarin Sallah, sabon ɗinki, takalmi mai cizo, kuɗin barka da Sallah a ƙulle a aljihu. Yaya ce shugabar tafiya, ita kanta ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, mu kusan goma a bayanta, da ƙafa har Gidan Zoo, wanda Gwamna Audu Bako ya gina wa Kanawa a farkon shekarun 1970. Babu jakar kaya, babu jadawali. Rake, alawar madara, ƙanƙara mai kala da ke rina harshe. In yaro ya ɓace, a yi cigiya, kafin magariba a same shi a gidan mai unguwa ya ci tuwo ya yi barci. A nan ne ka yi abin da har yau ake tunawa. Ka cika baki tun daga gida cewa kai za ka ja wutsiyar zaki, muna isa wurin kura ta yi ƙara sau ɗaya, sai ga ka a bayan Yaya, sabon wandonka ya jiƙe. Na rufa maka asiri shekara da shekaru, amma tunda kana tura hotonka a Chester Zoo ka harɗe hannu a gaban keji, dole yara su san tarihin babansu. Kada ka ce namu gidan ba ya shiga labaran duniya. A 2019 har jaridun ƙasashen waje sai da suka ɗauki labarin wai goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a can, daga baya gwamnati ta ce babu ma goggon biri a gidan. Naku na Chester, da aka buɗe tun 1931, ya taɓa yin abin da ya kai wannan?

Kuma ka rage ɗaga kafaɗa, ba kai ka fara zuwa ba. Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya bi Bature matafiyi Barth har Tambutu, suka tsallake Sahara, ya isa Landan a 1855. Ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta, ya dawo, a nan Kano ya rasu a 1912. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921, Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya je a 1934. Duk sun gani, sun yi kallo, sun dawo gida. Kai ne dai ka je ka samu wuri.

Zo nan in faɗa maka gaskiya a kunne, ba don kowa ya ji ba. Na gane abin da ke fitar da ku kowace Asabar. Gidan babu tsakar gida, babu zaure, babu lungun da za a ce wa yaro jeka waje ka yi wasa. In sun yi tsalle maƙwabcin ƙasa ya buga silin. In kun zauna a ciki yini guda kowa ya fara jin haushin kowa. A nan yaro na fita ƙofa ya tarar da sa'o'insa ashirin, wannan gidan a ba shi ƙosai, wancan a tsawatar masa, ya dawo da ƙura har gira ya yi barci tun isha. Can kuwa kai ne uba, kai ne kawu, kai ne direba, kai ne yaron aike, Maman Ummi ita ce uwa da goggo da kaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga ku kuna ɗauka da huɗu kacal. Abin da kake biyan fam kana nema musu a gona da bakin teku, wato fili da dabba da hayaniyar mutane, shi ne abin da aka ba mu a Babban Giji ba mu ma san kyauta ba ce.

Amma in ba ka haƙƙinka, ko da yake yana yi min ciwo. Ka san lambar takalmin kowane ɗanka. Ka san wanda ke tsoron kare da wanda mota ke sa wa amai. Ka iya canza famfas a bayan mota ana ruwa. Iyayenmu maza, Allah Ya saka musu, ba su taɓa riƙe hannunmu zuwa kallon komai ba in ba Idi ba, kuma da yawa daga cikinmu da ke nan haka muka gada, mu ba da kuɗin yawo mu koma majalisa. A wannan ka fi mu. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran in maimaita, kuma in ka nuna wa wani zan ce ba ni na rubuta ba.

Sai dai ina amfanin yaro ya san tafkin Windermere bai taɓa ganin Dala ba? Ranar nan Hajiya ta kira ta bidiyo, ta ce Ummi kin tashi lafiya, ta ce lafiya lau. Ta ce me kika ci, ta ce lafiya lau. Ta ce wace ce ni, ta ce lafiya lau. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, amma ni da ke kusa na ga ba duka hawayen ne na dariya ba. Takwararta ce fa.

Na san uzurinka, na haddace shi. Za ka ce makaranta, don a Ingila in ka cire yaro ana karatu ba izini, tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, kuma uba da uwa kowa da tasa, in ta wuce kwana 21 ta zama 160. Za ka ce tikiti, don yaro na cika shekara biyu sai an saya masa kujera, kuma babu jirgin da ke tashi daga Manchester ya dire Kano kai tsaye, sai an yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, ana jan yara masu barci a filin jirgi. Za ka ce sauro, kuma nan ka yi gaskiya, yaron da aka haifa a can jikinsa bai san zazzaɓin cizon sauro ba, in ya kama shi ba ya yi masa da wasa. To duk da maganinsu. Hutun Disamba mako biyu ne, ya faɗo cikin hunturu, sauro ya yi sauƙi, garin ya yi sanyin da 'ya'yanka za su ɗauka bazara ce. In kana son dogo, ga na ƙarshen Yuli mai mako shida, sai dai damina ce, sai a ƙara kula. Ka kai su likita tun da wuri ya ba su maganin rigakafi, a yi musu allurar shawara a karɓi katin, gidan sauro kuma ni zan saya, tunda na san in aka bar maka sai ka nemi na gwanjo. Kuɗin tikiti kuwa, tara abin da kake ba akuyoyin Turawa na shekara guda ka gani.

Jadawalin ma na riga na tsara, tunda ba ka motsi sai da shi. Za mu hau Dala da safe su ga birnin gaba ɗaya, kai ka tsaya a ƙasa ka riƙe mana takalma, don ban yarda da numfashinka ba. Mu biya Gidan Makama, mu je marinar Ƙofar Mata su ga yadda farin yadi ke shiga rami ya fito shuɗi. Wata ranar mu cika mota mu tafi Tiga su ga madatsar ruwan da aka gama a 1974, mu ci kifi a can ba tare da ka karanta bayan kwali ba. Hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamban 2024, wannan sai Allah Ya daidaita masu sarauta an ci gaba da yi lafiya, sai mu sake kiran ku. Sauran kwanakin babu inda za a je. A buɗe musu ƙofa kawai su shiga cikin 'yan uwansu, su yi datti, su koyi faɗa da sulhu, Hajiya ta goya Auta da zani ka ga yadda ake yi.

Ka sayi tikitin tun yanzu kafin ya tashi, ka turo min ranar sauka. Ni zan je filin jirgin Malam Aminu Kano in ɗauko yara da uwarsu a mota. Kai ka tari A Daidaita Sahu ka biyo mu da akwatuna, kuma ka tanadi canji.